Gaba Goma Sha Huɗu

Da ƙafa Zailani ya ture ƙyauren. Rana tsaka ce, ranar Lahadi, mazan Unguwar Gawo duk sun tafi cin kasuwar Mai'adua. Da gangan ya zaɓi ranar.

"Kowa ya kwanta!"

Mutum uku ne a gidan. Maliki mai haƙar rijiya, tsoho ɗan saba'in da ɗoriya, yana gindin darbejiya yana tufkar igiya. Matarsa Barakatu tana tankaɗe. 'Yarsu Murjanatu, matar aure da ta zo ganin gida daga Zango, tana wanke-wanke. Da ta ga bindiga sai ta kai hannu wuya, ta tura wani abu cikin riga, sannan ta kwanta.

Tsohon bai kwanta ba.

"Ba a shigo mini gida babu sallama," in ji shi.

Maharazu, ƙaton da ke bayan Zailani, ya ɗaga gindin bindiga ya kai masa duka. Tsohon ya tare da hannun dama. Ƙashin ya ce ƙas.

"Kai wane irin jaki ne?" Zailani ya daka wa Maharazu tsawa. "Na ce ka taɓa shi? Yanzu uban wa zai shiga mana ramin?"

"Oga, raini ya yi mana."

"Rufe min baki."

Zailani ya durƙusa gaban tsohon. Maliki ya dafe hannun, gumi yana zuba, amma bai yi ko nishi ba.

"Tsoho, ba akuyarka muka zo ɗauka ba. Rijiyar Madugu za ka kai mu."

"Babu komai a cikinta sai ajali."

Zailani ya yi dariya, ya waiwayi Maharazu. "Ka ji ko? Ban faɗa muku haka zai ce ba?"

Suka ɗauki babbar igiyar da ke rataye a zaure, da dagi, da guga. Maliki ya nuna wata aci-balbal da ke kan katanga.

"Ku ɗauko fitilar can. Ba a shiga tsohuwar rijiya sai an fara zura wuta."

Zailani ya doke ta da baya-bayan hannu, ta faɗi, man ya zube. "Muna da tocila. Wane zamani kake?" Ya nuna Murjanatu da bakin bindiga. "Ke, tashi. Da ke za a tafi, don baban naki ya riƙa tuna hanya."

Kabo direba yana waje, bai kashe a-kori-kurar ba. Aka jefa uba da 'ya a baya, aka rufe su da tamfal. Motar ta miƙi arewa.

*

Zailani ba a daji ya tashi ba. Gidan kallo ya yi shekara shida yana tsarewa a cikin Daura. Akwai wani tsohon fim na ɗan sandan ciki da ɓarayi masu neman dukiyar mutanen da, wanda ya haska har faifan ya gaji. Ya haddace shi kamar karatu. Da gidan kallo ya mutu, sai ya ɗauki ƙarfe, ya zuba fim ɗin a waya, ya ci gaba da kallo.

Kwana uku kafin wannan rana, da hantsi, a bayan wani gareji, ya tara Kabo da Maharazu.

"Mazaje, tare hanya ya isa. Kullum wayoyi da 'yan canji. Kun taɓa jin Kufan Madugu?"

Kowa ya taɓa ji. Tsohon zango ne na fatake, gabas da Kongolam, ya tashi tun kafin zuwan Turawa. Ana cewa madugun ƙarshe ya ga mahara sun taso, ya zuba dalolin azurfa cikin tukunya, ya ɓoye a bangon rijiya.

"Tatsuniya ce, baaba," in ji Kabo.

"Mutum ɗaya ya taɓa buɗe rijiyar a zamaninmu, Maliki na Unguwar Gawo. Ya buɗe, ya mayar ya rufe, ya ce wa mutane kada wanda ya kusance ta. Me ya sa?" Ya ɗaga wayar. "A nan ma haka aka yi. Tsohon da ya san hanya shi ke tsorata mutane. Duk inda ka ji tsoho ya ce akwai mutuwa, to nan kayan suke."

"To in mun samu fa?" in ji Maharazu.

"Kashi uku."

Kabo ya kalli Maharazu, Maharazu ya kalli ƙasa. A fim ɗin ma kashi uku aka ce. Mutum ɗaya ne ya fita.

*

Barakatu ba ta tsaya kuka ba. Ta je gidan mai unguwa, matarsa ta buga waya. Kafin awa guda Sufeto Abbas ya iso da 'yan sanda huɗu. Mutum ne siriri, mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana.

"Inna, me suka ɗauka?"

"Ba su shiga ɗaki ba, Yallaɓai. Ga gero nan, ga awaki nan. Igiya suka ɗauka da dagi."

"Sun faɗi inda za su?"

"Fuskata na ƙasa, kunnena ya toshe don tsoro. Na dai ji ana zancen rijiya."

Sajan da ke cikinsu ya yi tsaki. "Rijiya nawa ce a ƙasar Daura, Yallaɓai? Garkuwa ce kawai. Mu tare hanyar iyaka."

Sufeto bai kula shi ba. Ya shiga zaure. Turaku uku ne a bango. Biyu da igiya, ɗaya babu.

"Inna, waɗannan fa?"

"Wannan gaba takwas ce, ta rijiyoyin fadama. Waccan goma sha biyu, ta cikin gari."

"Wadda suka ɗauka?"

"Ashirin da biyar. Malam bai taɓa sauke ta ba sai sau ɗaya, shekarar da makiyaya suka roƙe shi ya yashe musu ta Kufan Madugu." Ta dafe ƙirji. "Ya dawo bai shiga ba. Ya ce wuta ta mutu."

"Sajan, tayar da mota."

Barakatu ta sunkuya ta ɗauki aci-balbal daga ƙasa, ta karkaɗe, ta zuba mata mai, ta miƙa masa da ashana.

"Yallaɓai, ka tafi da wannan. Kada yaranka su shiga sai ta shiga."

*

Kufan Madugu babu komai sai tudun ƙasa, da fasassun tukwane, da wata tsamiya. Rijiyar tana gindin tsamiyar, an rufe ta da itace da ƙaya. Maharazu da Kabo suka yaye. Wani wari mai sanyi ya taso. Suka gitta gungume a baki, suka zagaya igiyar a jikin tsamiya.

Zailani ya haska tocila. Haske bai kai ƙasa ba.

"Zurfinta nawa?"

"Gaba goma sha takwas," in ji Maliki. "Babu ruwa. A gaba goma sha huɗu wuta ke mutuwa. Daga nan zuwa ƙasa iskar ba ta mutane ba ce. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ka shaƙa sau uku, ka kwanta."

"Aljani ke nan?"

"Ban ce aljani ba. Iska na ce. Ga direbanku yana shan taba. Ya ba ni ashana, in kunna tsumma a guga, ku gani da idonku."

Kabo ya kai hannu aljihu.

"Mayar," in ji Zailani. "Hayaƙi yake so ya tashi, a hango mu daga Kongolam. Tsoho, kana da wayo."

"To a nemo kaza a zura. In ta fito da rai, ku shiga."

Zailani ya yi murmushi. Ya juya ya kalli Murjanatu.

"Ga kaza nan mun zo da ita."

Tsohon ya miƙe tsaye, karyayyen hannun yana lilo. "Ni zan shiga."

"Da wane hannun? In ka mutu a ciki wa zai nuna mana wurin? Maharazu, ɗaura mata."

"Kada ka taɓa ta. Ni ke ɗaure igiyata."

Aka bar shi. Da hannun hagu da haƙori ya yi ɗaurin, ta ƙarƙashin cinya da hammata. Maliki bai haifi namiji ba. Murjanatu ce ta riƙa ja masa guga tun tana shekara tara har aka yi mata aure. Ta san kowane ƙulli a igiyar nan. Ta kuma san abin da masu haƙa ke yi in ɗan'uwansu ya faɗi a ƙasa, za su shiga ɗauko shi: a sama ake cika ƙirji, ba a shaƙa a ƙasa.

Tsohon bai rage murya ba, don babu abin ɓoyewa.

"Zan riƙa ƙirga gaba da ƙarfi, kamar yadda aka saba. Kin ji inda wuta ke mutuwa."

"Na ji, Baba."

"In kin ja igiya sau uku, a fito da ke." Ya juya ga ƙattin. "Ku kuma, igiyar ta tsufa, ba ta son a bar nauyi a kanta. Ku saki da sauri, ku ja da sauri. In ta tsinke babu wata."

Aka ɗaura mata tocila a goshi. Ta yi bismilla, ta zura ƙafa.

"Ɗaya," in ji Maliki. "Biyu."

Kowace gaba da jan tsumma a ƙulle. Tsummokaran suna wucewa ta kan gungume, yana ƙirgawa. Muryarsa ba ta rawa.

"Goma sha ɗaya. Goma sha biyu." Ya ɗan ja numfashi. "Goma sha uku!"

Daga can ƙasa aka ji an ja iska da ƙarfi. Daga nan shiru.

"Sha huɗu. Ku saki. Sha biyar. Ku saki mana! Sha shida. Sha bakwai. Sha takwas."

Igiya ta yi sako-sako. Ta isa.

Maliki ya kafa ido a kan igiyar. Leɓɓansa suna motsi. Kabo ya goge gumi. Zailani ya leƙa, yana ganin ɗan haske yana juyawa kamar ƙwaron dare.

Igiya ta motsa. Ɗaya. Biyu. Uku.

"Ku ja!"

Suka ja. Tsohon ya kama da hannun hagu yana ja tare da su. Sha shida, sha biyar, sha huɗu. A sha biyu aka ji tari, da wani numfashi kamar na wanda aka tsamo daga kogi.

Ta fito idanu jajur, leɓe ya yi baƙi. Ta kife a ƙasa tana haki.

"Tsoro ne kawai," in ji Zailani. "Ga ta nan da ranta. Ina iskar taka, tsoho?" Ya taka mata gefen zane. "Ke, me kika gani?"

Ta buɗe hannu.

Dala ce ta azurfa, babba, duk ƙasa a jikinta. Zailani ya fizge, ya goga a wando. Kan wata mace ya fito, da rubutun da babu mai iya karantawa a cikinsu.

Kabo da Maharazu suka matso suna leƙe.

"Tukunya ce a cikin bango," in ji Murjanatu, muryarta a shaƙe. "Dutse ya tare bakinta. Na kasa ture shi. Sai namiji."

Maliki ya kalli 'yarsa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya ga Zailani.

"Na faɗa a gida, na faɗa a nan. Wannan na uku. Shekara hamsin ban zura mutum rami ba sai wuta ta riga shi. Kada ku shiga."

Zailani ya kwaɗa masa mari. "Maharazu, ɗauki dagi."

*

Motar 'yan sanda ta kafe a yashi, mil biyu kafin kufan. Suka sauka suna turawa.

"Yallaɓai, in babu kowa a can fa?" in ji Sajan.

"Dubi ƙasa."

Sawun taya ne sabo, ya bar hanyar shanu ya nufi tsamiya.

"Ku tura."

*

Maharazu ya sauka yana fito. Maliki ya ƙirga masa, don ba ya iya ganin igiya tana tafiya bai ƙirga ba. Igiya ta yi sako-sako.

"Na iso, Oga!" Muryar ta taso kamar daga cikin tulu. "Bari in kwance, igiyar ta dame ni. Ina ne ma ta ce..."

Aka ji dagi ya faɗi.

"Maharazu?"

Shiru.

"Kai, Maharazu! Ɗan iska, yi magana!"

Suka ja igiya. Ta taho babu nauyi, ɗaurin a kwance.

"Ya kwanta," in ji Maliki. "In kuna son gawarsa, a samo ganye a yi ta zurawa ana jawowa har iskar ta sauya. Aikin yini ne."

"Oga," in ji Kabo a hankali, "anya tsohon nan ba gaskiya yake faɗa ba?"

"Mace ta shiga ta fito, ƙato kamar Maharazu ne zai kwanta?" Idon Zailani ya juye. "Akwai ƙofa a ƙasa. Haka suke gina su, hanya ta bi ta ƙarƙashi ta ɓulla wani wuri. A fim ɗin ma ta nan shegen ya gudu da kayan." Ya shaƙo wuyan rigar Murjanatu. "Akwai hanya ko babu?"

"Duhu ne. Ban duba ba."

"Ka ji ko? Yana can yana cika buhu."

"To ni in shiga?" in ji Kabo, ba da zuciya ɗaya ba.

"Don ku haɗa baki? Ka ɗauke ni yaro?"

Ya tuɓe riga, ya naɗe dalar da wayarsa a ciki, ya ajiye gindin tsamiya. Ya rataya bindigarsa a baya, ta Maharazu ya cire mata harsashi ya zuba a aljihu. Ya ɗaura sabuwar tocila a goshi. Shi ya yi ɗaurinsa da kansa.

"Kabo, in ka saki igiyar nan, ko a lahira sai na nemo ka."

"Haba Oga. Ni da kai?"

Ya sauka. Kabo shi kaɗai yake sassauta igiyar ta jikin tsamiya, yana nishi.

"Tara," in ji Maliki. "Goma."

A sha biyu aka fara jin ƙugin mota daga yamma. Kabo ya ɗaga kai.

"Sha huɗu. Yaro, tsaya nan. Kada ka ƙara."

"Saki!" Zailani ya yi ihu daga ciki. "Ina hango shi, ga shi can kwance a kan kayan! Saki!"

Sha biyar. Sha shida.

Sai igiya ta fara fizga. Ba sau uku ba, ba ƙirge.

"Ja... Kabo... ja ni..."

Ƙugin motar ya matso. Kabo ya kalli yamma. Ya kalli rigar da ke gindin tsamiya. Ya kalli igiyar da ke hannunsa.

Ya buɗe hannu.

Igiya ta zabura tana zagaya tsamiya kamar maciji. Kabo ya suri rigar, ya faɗa mota, ya ba ta wuta.

Maliki ya yi tsalle ya cafke igiyar da hannun hagu. Ta ja shi, ya faɗi, ta ja shi a ƙasa har bakin gungume. Ya tokare da ƙafa. Igiyar tana gudu cikin tafinsa, tana cin fata, tana cin nama.

"Baba, saki!"

"Akwai mutum a kanta."

"Shi ya zura ni! Baba, saki, za ta tafi da kai!"

Bai saki ba. Igiyar ce ta ƙwace. Daga ƙasa aka ji wani abu ya faɗi, tim. Ba a ƙara jin komai ba.

*

Sufeto Abbas ya tarar da tsoho zaune a bakin rijiya, hannu ɗaya a karye, ɗaya babu fata, 'yarsa tana naɗe masa da ɗankwalinta. Wani kurtu ya kama igiya zai leƙa.

"Koma baya," in ji Sufeto.

Ya kunna aci-balbal ɗin Barakatu, ya sa a guga. Aka yi ƙoƙarin jawo igiyar, aka kasa, don akwai nauyi a ƙarshenta. Sai aka ƙulla igiyoyin motar 'yan sanda aka zura gugan da su. Maliki yana kallon hannun mai zurawa, yana ƙirgawa a ransa. Wutar ta yi ta sauka tana rawa. Ta yi ja. Ta ƙanƙance.

"Sha huɗu," in ji tsohon.

Ta mutu.

Can ƙasa, tocila biyu suna nan suna ci, fes, babu abin da ya same su.

Kabo bai yi nisa ba. Sufeto ya buga waya, aka tare shi kafin Kongolam, a-kori-kurar ta faɗa rami, ƙafarsa ta karye. Abin da aka samu a jikinsa: waya mai fasasshen gilashi, da dala ɗaya. Gawa biyun sai washegari da la'asar aka fito da su da ƙugiya, bayan mutanen Unguwar Gawo sun yini suna zura ganyen darbejiya suna jawowa. Maliki bai ƙara riƙe dagi ba. Hannun dama ya ɗoru a karkace, yatsun hagu uku suka ƙi miƙewa.

Bayan kwana huɗu Sufeto ya zo gidan, ya yi sallama a zaure, aka ba shi tabarma. Ya ciro dalar daga ambulan ya ajiye.

"Baba, dole in rubuta. Tukunyar tana nan a ƙasa?"

"Ban taɓa ganin tukunya ba. Ban shiga ba, wutata ma ba ta wuce gaba goma sha huɗu ba."

"To wannan fa?"

Murjanatu ta matso daga bakin ƙofa. Ta ɗauki dalar, ta juya ta, ta nuna masa wata 'yar huda a gefe, wadda ƙasa ta toshe. Sannan ta janye mayafi kaɗan. Baƙin zare ne a wuyanta, tsinkakke, an ƙulla shi.

"Ta kakata ce, Yallaɓai. Da ita aka kai ta ɗaki, da ita aka kai Inna, da ita aka kai ni. A ƙasa na tsinke ta, na cusa a turɓaya."

Sufeto ya juya. Ya kalli tsohon.

"Ka sani?"

"Tun da ta buɗe hannu."

"Ba ka faɗa musu ba."

"Ba su tambaye ni dala ba. Abin da na sani na rijiya na faɗa musu, sau uku." Ya ɗaga naɗaɗɗen hannunsa ya nuna katanga. "Ka dawo mini da fitilata?"

Sufeto ya aika mota aka ɗauko. Barakatu ta karɓa, ta goge, ta mayar da ita inda take.